Jejin da Muka Kwana Babu Mai Gadi

Tsakanin Marree da William Creek, a jihar Ostireliya ta Kudu, tafiyar kilomita 200 ce da 'yan kai. Lokacin da na bi ta, babu kwalta, babu gidan mai, babu mai faci, waya kuma ba ta da sabis ko ɗigo. Burji ce mai gargada, ta miƙe cikin fili mai jan tsakuwa har inda ido ya gaji. In mota ta tsaya maka, sai jiran wanda Allah zai kawo. A watan Agustan 2019 ne, jim kaɗan bayan Babbar Sallah, lokacin da su can suke tsakiyar sanyi. A gefen wannan hanya na riƙa kwana a ƙasa, kuma rabona da barci mai nauyi irin wannan tun ina yaro muna kwana a ƙofar gida lokacin bazara. Yadda aka yi mutum ya kwanta a jeji irin wannan hankalinsa kwance, shi nake so in ba ku labari.

Mu uku ne. Ni karatun kiwon dabbobi ya kai ni Adelaide, babban birnin jihar. Na biyu abokin karatuna ne, mutumin Kwetta ta ƙasar Fakistan, kuma shi ya matsa a yi tafiyar don yana son ganin inda mutanen yankinsu suka zauna da raƙumansu. Na uku mai motar, wani Bature ma'aikacin gona da ya haura sittin, haifaffen gidan kiwon tumaki a can arewacin jihar. Dattijo nake ce masa, har ya saba yana amsawa. Tsohuwar Land Cruiser ce da shi mai shan gas, kuma ya san kukan kowane ƙarfe da ke jikinta.

Dattijo bai yarda da gaggawa wajen shiri ba. Ruwa ya fara lissafawa: lita goma ga kowane mutum a kowace rana, sannan ƙarin na kwanakin da ba a yi niyya ba, kuma a jarkoki daban-daban don in ɗaya ta fashe kada a rasa duka. Sai tayoyin safaya biyu, famfon iska mai aiki da batir, shebur, igiyar jan mota, rediyon oba-oba, da wata 'yar na'ura da in an danna take sanar da masu ceto inda kake ta tauraron ɗan'adam. Ya rubuta wa 'yarsa hanyar da za mu bi da ranar da ya kamata ta ji muryarsa, ya ce in ranar ta wuce ba ta ji shi ba ta kira 'yan sanda. Tanti bai dame shi ba. Abin kwanansu shi ne swag, katifa siririya a cikin buhun tamfol, ka shige ka ja zif. Ni kuma na kawo nawa guzurin: soyayyen naman layya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, da ganyen shayi.

Ana jajibirin tashi na kira Baba. Baba ya yi shekara da shekaru yana tuƙin babbar mota, daga Sakkwato ya bi Illela ya tsallaka Kwanni, ya wuce Tawa da Abalak har Agadas, tun kafin kwalta ta kai can. Na zaci zai hana ni. Sai ya ce, "Ruwa nawa kunka ɗauka?" Na gaya masa. Ya ce, "To, saurara. In mota ta lalace, kada ka bar ta ka tahi neman gari da ƙahwa. Mai nema mota shika hangowa, ba mutum ba. Kada ku kwana cikin ƙorama ko da ta bushe ƙayau, ruwan da anka yi can nesa na iya iske ku kuna kwana. In kun shiga rairayi ku rage ma taya iska. Kuma duk wanda kunka iske tsaye bisa hanya, ku tsaya." Na ce, "To Baba, in sha Allahu."

Da safe na maimaita wa Dattijo maganar Baba. Yana ɗaure jarka a lokacin, ya saki igiyar ya juyo ya tambaye ni ina mahaifina ya yi tuƙi. Na nuna masa a taswira. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce abin da nasa uban ya gaya masa ke nan, ɗaya bayan ɗaya, ranar da ya fara ba shi mota.

Daga Adelaide zuwa Port Augusta kusan kilomita 300 ne, gonakin alkama hagu da dama. Daga nan muka yi arewa ta gefen duwatsun Flinders, ƙasa ta fara tsufa a gaban idonmu. A shekarar 1865 wani safiyon gwamnati mai suna George Goyder ya ja layi a taswira, ya ce arewa da shi ruwan sama ba ya isar noma, kiwo kawai za a iya. Shekarun 1870 suka zo da damina mai kyau, mutane suka yi watsi da maganarsa suka tsallaka da garmunansu. Fari ya dawo a shekarun 1880 ya kore su. Kufan gidajensu na dutse suna nan tsaye a bakin hanya, murhu da bututun hayaƙi ba rufi. Duk wanda ya tashi a inda ake duban sama a watan shida ana jiran hadari ba ya wuce irin waɗannan gidaje bai ji wani abu ba.

A ɗaya daga cikin garuruwan da suka mutu haka muka fara kwana, Farina, wadda aka kafa a 1878 da burin alkama. Akwai wurin sauka a gindin itatuwa. Babu mai gadi, babu mai karɓar kuɗi. Akwatin ƙarfe ne a bakin shiga, ka jefa kuɗin kwananka ka wuce. Na tsaya ina kallon Dattijo yana ƙirga kuɗin mutum uku cif, ba wanda yake ganinsa sai mu.

Daren nan ne wani abu ya faru da har yau nake tunawa. Can tsakar dare na ji ƙarar inji daga nesa. Kafin in san me nake yi na riga na zauna, na laluba takalmina, ƙirjina yana dukan uku-uku. A 2019 hare-haren 'yan bindiga sun riga sun shigo gabashin jiharmu, kuma kowa a gida ya san abin da ƙarar inji ke nufi a daji da dare. Dattijo bai ko motsa ba. Hasken motar ya zo, ya wuce, ya ɓace. Da safe na tambaye shi ko bai ji ba. Ya ce ya ji, wani ne ya makara. Na ce ba ya tsoron mutane a nan? Ya yi tunani da gaske kafin ya amsa. Ya ce abin da yake tsoro uku ne: ƙishirwa, maciji, da barci a kan sitiyari.

Marree ƙaramin gari ne, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta raba shi biyu. A da Turawa suna gefe guda, masu raƙuma da 'yan asalin ƙasar suna ɗaya gefen, har maƙabarta an kasa ta haka. Raƙuma ba 'yan ƙasar ba ne. A 1866 wani attajiri mai suna Thomas Elder ya shigo da sama da ɗari tare da masu kula da su, ya ajiye su a Beltana, wadda muka wuce a hanya. Daga nan aka yi ta kawowa. Tsakanin 1870 da 1920 an shigo da raƙuma kimanin 20,000 da mutane kimanin 2,000, daga Afganistan da Balucistan da Sindh da Punjab, mafi yawansu Musulmi, duk aka haɗa su aka kira su 'yan Afgan. Su suka yi dakon kayan da aka kafa layin tangaraho daga Port Augusta zuwa Darwin, wanda aka gama a 1872. Su suka riƙa kai gari da shayi da waya da kwanon rufi gidajen kiwo masu nisa, su dawo da buhunan gashin tumaki. Jirgin ƙasa ya isa Oodnadatta a 1891, bai kai Alice Springs ba sai 1929, kuma duk tsawon wannan lokaci ayarin raƙuma ne ke cike giɓin. Masallacin da muke Juma'a a Adelaide, a titin Little Gilbert, da gudummawarsu aka gina shi tsakanin 1888 da 1889.

A Marree an sake gina irin masallacinsu na farko don tunawa: gajeren bangon laka, turaku, da rufin ciyawa, tamkar masallacin da za ka tarar a rugar Fulani ko ƙaramin ƙauye a hanyar Wurno. Abokina ɗan Kwetta ya cire takalmi ya shiga, ya daɗe bai ce komai ba. Shi ya ba ni labarin Bejah Dervish, mutumin Balucistan irinsa, wanda ya jagoranci raƙuman wata tawagar bincike a 1896, daga baya ya zauna a Marree yana noman dabino. Muka yi Azahar da La'asar a wurin, muka je maƙabarta muka yi musu addu'a. Na yi ta tunanin mutanen da suka bar iyali a ƙetaren teku, suka raya ƙasar da ba tasu ba, sannan a 1901 aka kafa dokar da ta rufe ƙofa ga duk wanda ba farar fata ba, har wanda ya je ganin gida ya sha wuyar dawowa. Motocin ɗaukar kaya suka zo a shekarun 1920 suka karɓe musu sana'a. A 1925 jihar ta yi dokar da ta ba da damar harbe raƙuman da ba su da rajista. Da yawa daga cikin masu su, maimakon su ga an harbe abin da suka raina, sai suka kwance akala suka sake su cikin jeji.

Daga Marree hanyar da ake kira Oodnadatta Track ta fara. Dattijo ya tsaya ya rage wa tayoyi iska, na tuna Baba. Ba da jimawa ba tafkin Eyre ta Kudu ya bayyana a hannun dama, fari fat, gishiri tsantsa har ƙarshen gani. Tafkin Eyre gaba ɗayansa, wanda 'yan ƙabilar Arabana ke kira Kati Thanda, shi ne wuri mafi ƙasa a duk nahiyar, kusan mita 15 ƙasa da fuskar teku, kuma ba kasafai yake cika ba.

Abin da ya fi kama hankalina a hanyar shi ne dalilin da ya sa ta bi inda ta bi. A ƙarƙashin kusan kashi ɗaya cikin biyar na Ostireliya akwai wani makeken ruwa da ke kwance cikin dutse, kuma a wannan yanki ne yake tsattsafowa. Iska ta tara ƙasa, ruwan ya bar gishirinsa, shekaru dubbai suka mayar da kowace maɓuɓɓuga ɗan tudu mai ruwa a ƙoƙon kansa. Mun hau ɗaya da ake kira Bubbler, muka tarar da ruwa yana tafasa ba wuta, yana juya yashi, ciyawa kore shar kewaye da shi, bayan taku kaɗan kuma tsakuwa ce ƙonanna. Waɗannan idanun ruwa a jere suke. 'Yan asalin ƙasar sun bi su tun fil azal suna fataucin jan garura da sauran kaya. Wani Bature mai binciken ƙasa, John McDouall Stuart, ya bi su kafin ya ratsa nahiyar a 1862. Masu tangaraho suka bi shi, masu raƙuma suka bi su, jirgin ƙasa ya zo ya shimfiɗa ƙarfensa a kan sawun raƙuma, har aka rufe layin a 1980. Baba ma haka yake ba da labarin hanyar Agadas. Bai taɓa cewa kilomita kaza ba. Daga rijiya kaza zuwa rijiya kaza yake cewa.

Mun sauka a Coward Springs, tsohuwar tashar jirgi da ke da rijiyar burtsatse mai ruwan ɗumi da itatuwan dabino. An kewaye ruwan da katako, mutum ya shiga ya wanke ƙurar yini. Dattijo ya kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, ya sa a tukunyar ƙarfe, ya binne ta cikin garwashi. Ni na ɗumama naman layya na barbaɗa yaji, ɗan Kwetta ya dafa shayi mai madara da citta. Dattijo ya ci yajin har hawaye suka zubo masa, ya miƙo hannu a ƙara. Itacen wutar ma sayo shi muka yi muka taho da shi, don a wurare da yawa an hana tsintar itace, kuma da zafi ya shigo akwai ranakun da ake hana kunna wuta gaba ɗaya.

Sallah a can tana buƙatar natsuwa. Alƙibla yamma take, ka ɗan karkata arewa, alhali jikin da ya tashi a Sakkwato gabas ya sani. Rana kuma da tsakar yini ta arewa take bi. Kasaru muke yi, muna haɗa salloli in muna kan hanya, inda ruwa ya zama na lissafi kuma mu yi taimama. Dattijo ya koyi lokutanmu har shi yake neman wurin tsayawa tun ba mu yi magana ba, ya zauna a inuwar mota ya jira. Da Asuba sanyi yana shiga ƙashi, tamfol ya jiƙe da raɓa. Na ga Kaza da 'ya'yanta sun fito ta gefen arewa, inda ban saba neman su ba. 'Yan asalin ƙasar suna da dogon labari a kansu, na 'yan'uwa mata bakwai da wani namiji ke bi, kuma labarin yana da wurarensa a ƙasa, dutse kaza da ruwa kaza, wanda ya san shi ya san hanya. Da rana ta fito sai ƙuda. Ba cizo suke ba, ido da baki suke nema, dole ka rataya raga a hula.

Kafin William Creek tsakuwa ta yanke mana tayar baya. Muna cikin canzawa motoci suka wuce jefi-jefi, kuma babu wadda ba ta rage gudu ta sauke gilashi ba. Wata tsohuwa da mijinta, suna jan ɗakin kwanansu a bayan mota, suka tsaya har muka ɗaure noti na ƙarshe, ta tambaye mu ko ruwanmu zai kai mu. Ba ta san mu ba, ta ga baƙin mutum da mai gemu da wani tsoho a tsakiyar jeji, ta tsaya. Dattijo ya ce a nan wanda ya wuce mota tsaye bai tambaya ba, labarinsa zai riga shi isa gari na gaba. Ban da wannan akwai likitocin jirgin sama, waɗanda aka kafa tun 1928, da ke sauka su ɗauki mara lafiya duk inda yake. A babbar hanyar Eyre har an ware wasu sassan kwalta an yi musu alama don jirginsu ya sauka a kai.

William Creek gidan saukar baƙi ne da famfon mai da filin jirgi, mazaunanta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Tana cikin gonar kiwon Anna Creek, wadda faɗinta ya haura murabba'in kilomita 23,000, wato ya kusa jihar Sakkwato gaba ɗaya, amma ko a shekarar albarka shanun ba su kai 20,000 ba. Da jirgin sama da babura ake tattaro su. A matsayina na mai karatun kiwo wannan ya koya mini abin da aji bai koya mini ba: suna rage dabbobi tun fari bai gama shigowa ba, don sun san ciyawar da aka cinye har saiwa ba ta dawowa da wuri.

A hanyarmu ta zuwa Coober Pedy muka gan su. Amale ɗaya da taguwoyi da 'ya'yansu, ƙosassu, tozo a tsaye, ba akala ba shaida a jiki. Suka ɗaga kai suka dube mu, suka juya a hankali suka shiga jeji. Jikokin waɗanda aka saka ne. A 2008 an ƙiyasta sun kai miliyan guda. Tsakanin 2009 da 2013 aka harbe kimanin 160,000, yawanci daga jirgi mai saukar ungulu, kuma a watan Janairun 2020 aka sake harbe sama da 5,000 a arewa maso yammacin jihar lokacin fari. Na fahimci dalilinsu. In ƙishirwa ta kama su sukan shiga ƙauyuka su fasa tankuna da famfuna, su mutu a cikin ramukan ruwa su ɓata su, kuma nisan da ke tsakaninsu da mayanka ya sa kamo su ya fi kuɗin namansu, ko da yake a lokacin akwai mayanka a garin Peterborough da ke fitar da naman waje. Duk da haka zuciyata ba ta karɓa ba. Na san abin da raƙumi guda yake a kasuwar Illela, na san gidan da taguwa ɗaya ke riƙe da shi. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Harbi? Ba yanka ba?" Bai ƙara cewa komai ba, kuma ban sake tayar masa da zancen ba.

Coober Pedy ba mu daɗe ba. Garin haƙar dutsen ado ne mai suna opal, wanda aka gano a 1915, kuma saboda zafi mutane da yawa a cikin ƙasa suka haƙa gidajensu, har da coci-coci. Muka sayi taya, muka cika jarkoki, muka kama kwalta zuwa kudu, kilomita sama da 500 zuwa Port Augusta. Tireloli masu jan bodi uku, tsawonsu ya haura mita 50, suna wucewa mota tana girgiza. Dattijo ba ya tuƙi da almuru ko da sassafe, don lokacin ne kangaru ke faɗo wa hanya.

Daga Port Augusta muka juya yamma, har muka sauka Streaky Bay. Tun ba mu ga teku ba iska ta canza, ta yi nauyi, ta zo da ƙarni. Bayan jan ƙasa da gishiri, shuɗin ruwan har ciwo yake sa wa ido. Kwana a bakin teku daban yake da na jeji. A jeji shiru ne, a nan kuwa ruri ne dare da rana, iska tana neman ɗage duk abin da ba a danne ba, yashi yana shiga shayi. Dattijo ya nuna mana layin busasshiyar ciyawar ruwa a kan yashi, ya ce nan ne iyakar inda teku ke kaiwa in ya cika, kada a shimfiɗa komai ƙasa da shi. Ya ce kuma in kana kan dutse kada ka ba teku baya. Muka jefa ƙugiya daga kan gadar katako, ɗan Kwetta ya kama kifi, muka gasa da sauran yajin.

Bayan Ceduna itatuwa suka fara gajarta har suka ƙare. Wannan shi ne filin Nullarbor, faifan dutsen farar ƙasa guda ɗaya mai faɗin kusan murabba'in kilomita 200,000, ruwan sama yana zurarewa cikinsa ba ya tsayawa. A Head of Bight filin ya yanke kwatsam, ƙasa ta faɗa cikin teku, gaɓa a tsaye sak mai tsawon mita 60 zuwa sama da haka, ta miƙe yamma har ta ɓace. Kudu da nan babu wata ƙasa sai Antatika. A ƙarƙashin gaɓar ne manyan dabbobin tekun nan da ake kira whale suke zuwa haihuwa tsakanin watan Yuni da Oktoba. Babba takan kai mita 15 ko fiye. Muna tsaye a kan dakalin katako sai ga uwa da ɗanta dab da mu, baƙaƙe, suna juyi a hankali, ɗan yana hawa bayanta yana zamewa. Da ta fitar da numfashi sai da na ji shi a cikina. Ban san lokacin da na fara tasbihi da ƙarfi ba. A ƙarni na 19 an farauce su saboda mai har suka kusa ƙarewa, aka hana kashe su a shekarun 1930, kuma sannu a hankali suke dawowa.

Wurin ƙasar al'ummar Yalata ce, kuma a nan ya kamata in faɗi abin da bai kamata a ɓoye ba. Jejin da na ce ba kowa yana da masu shi. Mutanen Yalata daga arewa aka kwaso iyayensu a farkon shekarun 1950, aka rufe musu ƙasarsu, Birtaniya ta tayar da bama-baman nukiliya bakwai a Maralinga tsakanin 1956 da 1957. Sai a shekarun 1980 aka fara mayar musu da ita. Kwanciyar hankalin da matafiyi ke samu a wannan ƙasa an gina wani sashe nata a kan hawayen wasu, kuma wanda ya je ya ga kyan wurin kawai bai ga rabinsa ba.

Yanzu ina gida. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wani ilimi da Dattijo ya nuna mini wanda babu shi a zauren Baba. Kakanninmu sun kai Gwanja fataucin goro ta Jega da Yawuri da Bargu, madugu a gaba, zango bayan zango. Ilimin hanya muna da shi. Tsoron ƙishirwa jarka tana maganinsa, tsoron taya safaya tana maganinsa, amma babu abin da za ka ɗora a bayan mota ya yi maka maganin mutumin da ya tare hanya da bindiga. A watan Disambar 2021 an ƙone mota da fasinjojinta a yankin Sabon Birni. Direbobin da ke zuwa Gusau suna duba agogo kafin su duba mai. Nasihar Baba ta ƙarshe, cewa duk wanda ka iske tsaye ka tsaya, yau shi da kansa ba zai ba jikansa ita ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Amma dajin Gundumi ma ya taɓa zama abin tsoro. Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa shi a 1853, ayarinsu ya yi tafiyar yini da dare ba hutawa saboda rashin ruwa da tsoron mahara. Daga baya ya lafa, har su Baba suka riƙa ajiye mota a cikinsa su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bodi su kwana. Hanya takan rufe, takan buɗe, kuma mutane ne ke yin duka biyun. Don haka ba na yarda in an ce mini haka ƙasarmu take.

Na fara zama da Baba da yamma ina ɗaukar muryarsa a waya, yana jero mini zangunan da suke sauka da rijiyoyin da suke sha, da sunan wanda ke sayar da fura a kowane wuri, don yawancinsu ba sa cikin kowace taswira. Da sanyin bara kuma na kai yarana gonar wani ɗan'uwa a fadamar Rima, dab da gari, muka kwana a waje. Na sa babban ya lissafa ruwan da za mu buƙata, ƙaramar ta zaɓi inda za a shimfiɗa, ta kauce wa kwari da kanta don ta ji kakanta ya faɗa. Da muka dawo babban ya tambayi Baba yaushe za a kai su Agadas. Baba ya dube ni ya ce, "Kai dai ka gyara mota, ka sayi jarka huɗu. Ranar da hanya ta buɗe, ni ka zama gaba."